Bayan An Sayar da Gidan Tiffin, Wa Zai Ɗauki Waya?

Mu Hausawa mun daɗe da kalmar tafi-da-gidanka. Mun laƙaba wa wayar hannu, mun laƙaba wa kotun da ke zama a bakin titi ranar tsaftar muhalli, har da asibitin da ake kaiwa ƙauyuka a cikin mota. Amma abin da ya fi kowa cancantar sunan yana Amurka. Mota ce mai girman bas ɗin dogon zango, a cikinta akwai ɗakin kwana da falo da kicin da banɗaki, ga firji, ga janareta, ga tankin ruwan sha da na ruwan datti. Manyan sukan kai ƙafa 45 a tsawo, injin dizal yana can baya, kuma idan aka tsaya aka danna maɓalli sai bango ya zame waje, falo ya ƙara faɗi. Akwai ma'aurata 'yan fansho da ke sayar da gidansu na ƙasa su sayi wannan, su tare a ciki dungurungum. Idan sanyi ya shigo su gangara kudu, Fulorida ko Arizona, idan zafi ya matsa su haura arewa. A wurin irin waɗannan mutane, wanda ke shugabantar kamfanin da ya ƙera motar shi ne mai riƙe da rufin ɗakinsu, don haka duk wani canji a kujerarsa sai sun kasa kunne.

Shi ya sa a watan Disambar 2020, da aka ji cewa kamfanin Thor Industries ya sayi Tiffin Motorhomes a kan dala miliyan 300, masu motocin suka rabu gida biyu, kuma har yau ba su gama haɗuwa ba. Wasu sun ce an yi jana'izar abin da suka sani. Wasu sun ce an ceto shi ne tun kafin ya faɗi. Na zauna na auna maganganun biyu, na ga kowane ɓangare yana da gaskiyar da ɗayan ba ya son ji.

Sai an san mene ne Tiffin kafin a gane zafin maganar. Red Bay wani ɗan gari ne a arewa maso yammacin jihar Alabama, dab da iyakar Misisifi, mutanensa ba su fi dubu uku da 'yan kai ba. A nan Bob Tiffin ya fara haɗa motocin a 1972. Gidansu gidan sayar da katako da kayan gini ne, ba gidan ƙera mota ba. Ya sa wa motarsa suna Allegro, kuma shekara guda da farawa sai rikicin man fetur na 1973 ya auko, wanda ya kashe kamfanoni da dama masu irin wannan sana'a, domin ba wanda zai sayi motar da ke shan mai kamar raƙumi a lokacin da ake layi a gidajen mai. Tiffin ya tsallake wannan. Ya tsallake na 1979. A hankali sunaye suka ƙaru: Phaeton, Allegro Bus, Zephyr. Manyan cikinsu kuɗinsu ya haura rabin miliyan na dala. 'Ya'yansa uku, Tim da Van da Lex, duk suka shigo sana'ar.

Sai dai da za ka tambayi tsofaffin masu motar me ya sa suka zaɓi Tiffin, da wuya su fara da injin ko kujerun fata. Za su ce maka Bob yana ɗaukar waya. Wannan shi ne sunan da ya yi a faɗin Amurka: mai kamfani sukutum, amma mutumin da motarsa ta lalace a wata jiha mai nisa yana iya kira a haɗa shi da shi, ko ya je Red Bay ya zauna a ƙofar ofishinsa har a kira shi. Labarai sun yi yawa a tsakaninsu na gyaran da aka yi kyauta bayan garanti ya ƙare, don kawai maigidan ya duba ya ce laifin daga masana'anta ne. A garin akwai babban garejin kamfanin, da fili inda masu mota ke kafa zango su kwana a cikin motocinsu suna jiran layi ya zo kansu, wani lokaci kwanaki, wani lokaci makonni. A wannan zaman jiran aka ƙulla abota, aka yi musayar dabaru, aka gina abin da ya fi kama da zumunci fiye da ciniki. An daɗe ana barin mai saye ya shiga masana'anta ya tsaya yana kallon yadda ake haɗa tasa motar.

Wanda ya taɓa samun makanikin da ya yarda da shi zai gane abin da nake nufi. Ba ka komawa wurinsa don ba ya kuskure. Kana komawa ne don idan ya yi kuskuren ba ya ɓuya.

To, ga hujjar masu fargaba, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Sun ce Thor kamfani ne da hannun jarinsa ke kasuwar Niyok. Duk wata uku sai shugabanninsa sun fito sun yi wa masu jari bayanin riba. A irin wannan gida, gyaran kyauta bayan garanti sunansa asara, kuma akwai akantan da aikinsa ke nan, ya nemo irin wannan asara ya toshe ta. Bob yana iya cewa a canza wa wannan baiwar Allah rufin mota, kuɗin daga aljihunsa zai fita, ba mai tambayarsa. Manajan da aka ɗauka aiki ba shi da wannan 'yanci ko da yana da zuciyar Bob, domin kuɗin ba nasa ba ne. Wannan magana tana da ƙarfi saboda ba ta dogara da cewa mutanen Thor mugaye ne ba. Ko waliyyi aka ɗora a kujerar, tsarin zai matse shi.

Sun ƙara da maganar girma. Cinikin Tiffin kafin a sayar da shi yana kusan dala miliyan 800 a shekara. Na Thor a shekarar kuɗi ta 2022 ya haura dala biliyan 16. A gidan Bob, Tiffin shi ne komai. A gidan Thor ɗa ne a cikin 'ya'ya da yawa, tare da Airstream da Jayco da Keystone da rukunin Erwin Hymer na Jamus. Idan kasuwa ta yi tsanani aka zauna a Elkhart ta jihar Indiyana, inda hedikwatar take, ana duba inda za a rage, Red Bay suna ne a takarda mai nisan ɗaruruwan mil. Kuma akwai abin da masu Tiffin ba sa faɗa da ƙarfi amma yana ransu: da yawansu sun biya ƙarin kuɗi ne musamman don kada su sayi kayan manyan kamfanonin Elkhart, waɗanda a ganinsu yawa suke bi. Sai ga shi sun wayi gari a cikin gidan da suka guje wa.

Abin da ya ƙara musu ɗaci shi ne ganin ba sauran mafaka. Jayco, kamfanin iyalan Bontrager, ya shiga hannun Thor a 2016 a kan dala miliyan 576. Newmar, wanda shi ne babban abokin hamayyar Tiffin a manyan motocin dizal kuma shi ma na iyali ne, Winnebago ya saye shi a 2019. Forest River tun 2005 yake hannun Berkshire Hathaway na Warren Buffett. Da Tiffin ya bi sahu, mai neman babbar mota daga kamfanin da mai shi ke zaune a cikin masana'anta ya kusa rasa inda zai nufa. Inda masu sayarwa suka taƙaita, in ji su, mai saye ba shi da sandar da zai yi barazana da ita.

Ɗaya ɓangaren kuwa, da tambaya ɗaya suke farawa, kuma tana da wuyar amsawa: shekarun Bob nawa? Lokacin cinikin ya shafe shekara 48 yana riƙe da kamfanin, ya doshi tamanin. Wayar da ake alfahari da ita mutum ɗaya ne ke ɗauka, kuma mutum ba ya dawwama. Ko an sayar ko ba a sayar ba, ranar tana zuwa da za a kira a ji wata murya. Abin tambaya shi ne a hannun wa za a bar gidan, kuma da wane shiri. Mun ga yadda manyan harkoki ke watsewa idan maigida ya kwanta dama ba a tsara komai ba, magada su shiga rabon gado, ma'aikata su kama gabansu, abokan ciniki su rasa wanda za su tunkara. Ba a Amurka kaɗai ake ganin haka ba. Duk wanda ya san tarihin wasu manyan gidajen fatauci da kamfanonin sufuri a ƙasar nan zai iya lissafo sunaye. Masu wannan ra'ayi suna cewa Bob ya yi abin da dattijo mai hangen nesa ke yi, ya zaɓi mai saye da idonsa a buɗe, a lokacin da kamfanin ke da ƙarfin gindaya sharuɗɗa.

Sun kuma nuna cewa ba a kori iyalin ba. A sanarwar cinikin an ce Tiffin zai ci gaba da gudana a matsayin reshe mai cin gashin kansa, a Red Bay, a ƙarƙashin jagorancin 'yan gidan. Daga baya aka ɗora jikan Bob, Leigh Tiffin, ɗan Van, a kujerar shugaban kamfani. A Alabama wannan suna yana da wani nauyi na daban wanda baƙo ba zai gane ba nan take. Van Tiffin shi ne ya buga ƙwallon da ta ba Jami'ar Alabama nasara a kan Jami'ar Auburn a daƙiƙar ƙarshe a 1985, a irin ƙwallon nan tasu ta Amurka da ake runguma a gudu, kuma ɗansa Leigh ya riƙe wannan matsayi na mai buga ƙwallo a tawagar da ta ci kofin ƙasa a kakar 2009. A jihar da wannan wasa ya kusa zama addini, ba a ɗauki Tiffin a matsayin tambarin mota kawai ba. Don haka da aka ga jini ne ya gaji kujera, hankalin mutane da yawa ya kwanta.

Hujjarsu mafi kyau, a ganina, ita ce Airstream. A 1980 Wade Thompson da Peter Orthwein suka sayi wannan kamfani mai ƙera tirelolin alminiyam masu ƙyalli, yana cikin asara, daga hannun Beatrice Foods. Daga farkon sunayen Thompson da Orthwein aka haɗa kalmar Thor. Fiye da shekara 40 bayan haka ana ci gaba da ƙera Airstream a garinsa na Jackson Center a jihar Ohayo, da siffarsa, da tsadarsa, da masoyansa. Thor ya daɗe yana cewa tsarinsa shi ne ya sayi kamfani ya bar masu tafiyar da shi su ci gaba da aikinsu. Wanda ya biya dala miliyan 300, in ji masu kyakkyawan zato, ba ginin masana'anta ya saya ba, domin gini da injuna ba su kai haka ba. Suna ya saya. Zai zama wauta ya biya kuɗin suna sannan ya zubar da shi da hannunsa.

Akwai kalmar da masu irin waɗannan motoci ke amfani da ita wadda ke sa gabansu faɗuwa: maraya. Motar da kamfaninta ya mutu marainiya ce. Babu garanti, babu zanen wayoyin lantarki, babu inda za a samo murfin gaba idan aka yi karo. A watan Maris na 2009, a tsakiyar durƙushewar tattalin arzikin duniya, Monaco Coach da Fleetwood Enterprises duk suka shigar da takardar karyewa a kotu cikin 'yan kwanaki. Country Coach ma ya tafi a wannan shekara. Mutanen da suka zuba kuɗin fanshonsu a waɗannan motoci sun ga abin da ake kira rana zafi inuwa ƙuna. Masu goyon bayan cinikin suna cewa inuwar babban kamfani ita ce maganin maraici.

A nan ne nake ɗan ja da su, domin wannan misali takobi ne mai kaifi biyu. Monaco da Fleetwood ba ƙananan kamfanonin iyali ba ne. Manya ne, hannun jarinsu yana kasuwa, kuma su ne suka faɗi. Tiffin na ƙauyen Alabama, wanda ake cewa yana bukatar inuwa, shi ne ya fita daga wannan guguwa a tsaye. Girma bai ceci kowa ba a 2009. Abin da ya ceci waɗanda suka tsira shi ne ƙarancin bashi da abokan cinikin da ba su gudu ba. Gaskiya ne Thor ma ya tsallake wannan lokaci lafiya, kuma ya cancanci a yaba masa. Amma kada a ce tarihi ya nuna ƙarami ne ke mutuwa, domin ba abin da ya nuna ke nan ba.

Yanzu ga inda muhawarar ta fi rikicewa. Bayan cinikin, ƙorafi kan ingancin sababbin motoci ya yawaita: ƙofar kabad da ba ta rufuwa, bangon zamewa da ke maƙalewa, yoyon ruwa, wayoyin da ba a ɗaure da kyau ba, da jiran kayan gyara wata da watanni. Masu fargaba suka ce ai ga shi nan, mun faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba zan ce wa mutumin da ruwa ke ɗiga a kan gadonsa ƙarya yake yi ba. Amma a duba lokacin. An yi cinikin a tsakiyar annobar korona, lokacin da Amurkawa suka ƙaurace wa jirgin sama da otal suka afka wa motocin zango. A 2021 masana'antun ƙasar sun fitar da 600,240, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, kodayake mafi yawansu tireloli ne da ake ja, ba masu injin kansu ba. An ɗauki sababbin ma'aikata da gaggawa, tsofaffin hannu sun yi ritaya ko sun kwanta jinya, kayan haɗi sun yi ƙaranci har ana ajiye mota a fili tana jiran abu ɗaya. Irin wannan kuka aka ji daga masu kayan kusan kowane kamfani a waɗannan shekaru, wanda aka sayar da wanda ba a sayar ba. Abubuwa biyu sun faru a lokaci guda, kuma raba laifi a tsakaninsu ya fi ƙarfin wanda ke kallo daga motarsa shi kaɗai.

Sannan akwai abin da sabon shiga ba ya sani. Mai ƙera irin wannan mota rabin aikinsa haɗa kayan wasu ne. Injin na Cummins ne, giya ta Allison, janareta na Onan, ƙashin motar sau da yawa na Freightliner, duk da cewa Tiffin yana ƙera nasa mai suna PowerGlide don wasu samfura. Firji da na'urar sanyaya ɗaki da rumfar gefe duk daga wasu kamfanoni suke zuwa, kuma su ɗin ne ke sayar wa kowa. Ka ɗauki gida cikakke, da famfo da tayil da gilashi, ka ɗora shi a kan taya ka riƙa girgiza shi a kan titi na dubban mil. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A zamanin Bob ma motocin suna lalacewa. In ba haka ba, me ya cika filin zangon Red Bay da masu jiran layi tun shekaru aru-aru? Tsofaffin masu mota sukan manta da wannan. Sun tuna gyaran, sun manta lalacewar, domin an yi musu gyaran da mutunci.

Wannan ne ya sa nake ganin ɓangarorin biyu suna gardama a kan abin da ba shi ne ainihin maganar ba. Ana ta musu kan ko sabuwar Phaeton ta kai tsohuwa ƙarko, alhali abin da aka saya tun farko alƙawari ne wanda ba a rubuta a takardar garanti ba. Garantin gama-gari a wannan sana'a yawanci shekara ɗaya ne. Motar kuwa ana sa ran ta yi shekara 15 ko 20. Duk tsakanin nan, mai mota yana rayuwa ne a kan halin kamfani. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Maganar alƙibla kuma fa? Nan ma an rabu. A shekarun baya-bayan nan Tiffin ya ƙara karkata ga ƙananan motoci, irin waɗanda ake ginawa a kan ƙashin Mercedes Sprinter, da nufin jawo matasa da masu aiki ta intanet waɗanda ba sa son tuƙa abu mai ƙafa 45. Masu manyan motocin dizal suna kallon wannan da shakku, suna cewa hankalin kamfani ya rabu, an bar jaki ana dukan taiki. Sai dai ba daidai ba ne a ɗora wa Thor wannan gaba ɗaya. Wayfarer, ƙaramar motar da aka fara haɗawa a garin Winfield, ta fito tun 2017, Bob yana kan kujerarsa, tun kafin a yi cinikin. Lissafin a fili yake: masu sayen motar rabin miliyan suna tsufa, kuma 'ya'yansu ba lallai su so irin rayuwar ba. Kamfanin da ya tsaya yana faranta wa tsofaffin abokan cinikinsa kaɗai zai tsufa tare da su. Na fahimci kishin, amma ban ga hujja a cikinsa ba.

Inda na ga hujja shi ne batun Vanleigh. Wannan kamfanin tireloli ne da Van da Leigh suka kafa a Misisifi, sunansu biyu ne ma aka haɗa, kuma yana cikin abin da Thor ya saya. Da kasuwa ta juya, aka daina ƙera shi a 2023. Shekarar ta yi muni ga kowa. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa ya haura kashi 5 cikin ɗari, kuma irin wannan kaya da bashi ake saye. Adadin da masana'antu suka fitar ya faɗo zuwa 313,174, kusan rabin na 2021. Ana iya kare shawarar da lissafi, kuma mai yiwuwa iyalin ma da a hannunsu yake da haka za su yi. Amma wanda ya sayi tirelar Vanleigh saboda sunan Tiffin ya ga da idonsa cewa tambari yana iya ɓacewa cikin shekara biyu da 'yan watanni, ko da shugaban kamfanin ne ya raɗa masa suna. Masu Allegro da suka ga gemun maƙwabci ya kama wuta ba za a zarge su ba idan suka nemi ruwa.

Idan aka matsa mini in faɗi inda na tsaya, zan ce masu fargaba sun fi gaskiya a kan abin da ake rasawa, masu kyakkyawan zato kuma sun fi gaskiya a kan cewa babu hanyar riƙe shi. Abin da Bob Tiffin ke yi ba tsari ba ne da za a rubuta a littafi a miƙa wa magaji. Haɗuwar abu biyu ne a jikin mutum ɗaya: shi ne mai kuɗin, kuma shi ne mai jin kunyar a ɓata sunan gidansu a garin da kowa ya san kowa, inda zai haɗu da ma'aikatansa a coci ranar Lahadi. Jika yana iya gadon kunyar. Kuɗin kuwa tun Disambar 2020 ya koma na masu hannun jari. Duk wanda ya zauna a wannan kujera daga yanzu, ɗan gida ne ko bare, zai riƙa neman izini a inda Bob bai taɓa nema ba. Masu cewa babu abin da ya canza suna yaudarar kansu, ko kuma suna kare farashin motarsu ne a kasuwar na-hannu, wanda shi ma dalili ne da ake iya fahimta, tunda duk lokacin da aka ce Tiffin ya lalace, dukiyarsu ce ke raguwa.

Amma ban yarda da masu cewa an gama ba. Kirki yana iya zama lissafi, kuma babban kamfani ya iya lissafi. Idan shugabannin Elkhart suka gane cewa gyaran dala dubu biyar da aka yi wa wani kyauta shi ne ke dawo da shi ya sayi mota ta uku, har ya jawo surukinsa, to za su ware wa garejin Red Bay kuɗin yin hakan kuma su bar wani a can da ikon cewa a yi, ba sai an aika takarda Indiyana ba. Ba zai yi daɗin na da ba, domin alheri daga kasafin kuɗi ba ɗaya yake da alheri daga hannun maigida ba. Amma rufin zai daina yoyo, kuma mai barci a ƙarƙashinsa da wannan ya fi damuwa. Abin da zan sa wa ido ke nan, fiye da sunan wanda ke saman takarda ko sabon launin da aka fito da shi a bajekolin Tampa ko na Hershey: mutumin da motarsa ta shekara biyar, garanti ya ƙare, ya gano aibin da tun daga masana'anta yake, me aka ce masa, kuma wa ya faɗa masa.

Akwai kuma wani abu a Red Bay da ba ya cikin abin da aka sayar, kuma masu muhawarar ba su cika kawo shi ba. A cikin garin da kewayensa ƙananan gareji sun yi yawa, na masu fenti, da kafintocin kabad, da masu aikin lantarki, da masu gyaran kujeru. Da yawa daga cikin masu su a masana'antar Tiffin suka koyi aiki, wasu shekara 20 ko 30 suka yi a can kafin su buɗe nasu. Sun san inda kowace waya ta bi a cikin bangon motar da aka ƙera a 2008, domin wataƙila su ne suka ja ta. Tsofaffin masu mota sun daɗe da sanin haka. Idan layin babban gareji ya yi tsawo, sai su tuƙa 'yan mil kaɗan su tsaya a ƙofar ɗaya daga cikin waɗannan, mai wurin ya fito yana goge hannu da tsumma ya tambaye su abin da ke damun motar.